Yadda na shawo kan mutuwar irin mangwaro da koko kafin shuka

Matsalar ita ce, ƙwallayen mangwaro da 'ya'yan koko (wanda ake yin cakulan da shi) da aka ajiye 'yan makonni sai su ƙi tsirowa, alhali a ido lafiyarsu ƙalau. Da na fasa wasu, na tarar cikinsu ya yanƙwane ya yi duhu.

Dalilin shi ne ba kowane iri ke jure bushewa ba. Masara da wake, idan sun bushe sosai sun fi daɗewa. Amma mangwaro, koko, piya da kaɗanya suna rabuwa da uwa da rai a jiƙe, suna numfashi. Da zarar danshin cikinsu ya sauka ƙasa da kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100, ɗan tsiron ya mutu. Firji ma ba mafita ba ne: sanyin da ya yi ƙasa da digiri 15 yana lalata irin koko.

Abin da na yi: na wanke naman 'ya'yan tas don kada fumfuna ta kama, na tsane su a inuwa na ɗan lokaci kawai, sannan na binne su cikin garin katako mai laima, wanda in ka matse shi ruwa ba ya ɗiga. Na zuba a leda mai huda-huda, domin rufe su ruf yana shaƙe su. Ina dubawa a kai a kai, ina fitar da wanda ya ruɓe.

Mangwaro kuwa, na yanke ɓawonsa mai tauri a hankali, na shuka ƙwayar da doronta a sama. Cikin mako 2 zuwa 3 ta fito. Ajiyar cikin garin katako kuwa ta makonni ce kawai. Duk wanda ya fara fid da saiwa, a take nake shuka shi.