Ciwon Gitelman: kurakuran da ke tsawaita wahalar mai shi

Yarinya ce ’yar shekara goma sha bakwai, kullum a gajiye, da dare ƙafafunta su ƙage har ta farka tana kuka, sannan a kama ta a madafi tana lasar gishiri a tafin hannu. A gida an ce raki ne. A kemis an ce taifot ne. Irin wannan labarin ne ke biye da ciwon Gitelman, wanda wani likita ɗan Amurka, Hillel Gitelman, ya bayyana a 1966. Ba shi da yawa, kusan mutum 1 cikin 40,000 ake ƙiyastawa, amma mai shi yakan yi shekaru ana yi masa maganin abin da ba shi ke damunsa ba.

Cikin ƙoda akwai siraran bututu masu tace jini, su mayar wa jiki da gishirin da yake buƙata. A wannan ciwon, wata ƙofar mayar da gishiri a ƙarshen bututun ce ba ta aiki, saboda tangarɗa a ƙwayar gado mai suna SLC12A3. Gishiri na zuba cikin fitsari, ya tafi da fotasiyam da maganesiyam, sinadarai biyu na cikin jini da tsoka da zuciya ke buƙata. Daga nan gajiyar take, da minjirya a hannu da fuska, da ƙishirwa, da tashi fitsari cikin dare, da jiri, wani lokaci har da bugun zuciya ba bisa ƙa’ida ba.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne hana gishiri. Mutanenmu da zarar sun ji an ambaci ƙoda sai su ɗauke gishiri daga miya, domin abin da suka saba ji ke nan game da masu hawan jini. Mai Gitelman akasin haka yake: jininsa yakan zauna daidai ko ma ya yi ƙasa, jikinsa kuma asarar gishiri yake yi dare da rana. Kwaɗayin da yake yi ba rashin kamun kai ba ne, jikin ne ke roƙo. Likitoci na barinsa ya ci gishiri gwargwadon yadda ransa ya so. Uwa ta daina buge masa hannu.

Sai kuma maganar kanwa, wadda nake so a saurara da kyau. Saboda a Turancin kasuwa ana kiran kanwa da sunan da ya yi kama da fotasiyam, wasu na jiƙa ta su sha da zaton tana cike gurbin. Ba ta cikewa. Abin da ya fi yawa a kanwa sodiyam kabonet ne, shi kuwa mai wannan ciwon dama sinadarin jininsa ya riga ya karkata wajen kanwa-kanwa, don haka ƙara masa ake yi, ba ragewa ba. Dabino, ayaba, wake, gyaɗa da dankali suna taimakawa, sai dai ba sa maye gurbin ƙwayar fotasiyam kulorayid da likita ya rubuta.

A asibiti ma akan yi tuntuɓe. Gwajin gishirin jini da aka saba yi yana nuna fotasiyam, wanda ya kamata ya kai 3.5, amma maganesiyam sai an nemi gwajinsa daban. Idan shi yana ƙasa, duk fotasiyam ɗin da aka ɗura ba ya zama, kamar zuba ruwa a kwando. Ka tambaya kai tsaye: “Likita, an duba maganesiyam kuwa?” A duba fitsari kuma, domin ƙarancin kalsiyam a cikinsa na taimakawa wajen raba Gitelman da ɗan’uwansa ciwon Bartter, wanda ya fi bayyana tun ana jariri.

Da yawa kan ajiye magani idan sun ji ƙarfi, ko kuma maganesiyam ya sa su gudawa. Gyaran shi ne a raba shi kashi-kashi a yini, a sha da abinci, ba a bari ba. Maganin na tsawon rai ne.

Ranar amai ko gudawa, ko lokacin zafin Afrilu da gumi ke tsiyaya, ba ranar jira ba ce. Fotasiyam na iya faɗuwa har ya taɓa zuciya. Haka kuma kada a sayi kwinin, kulorokwin, siprofulokzasin ko eritromaisin a kemis ba tare da likita ya san da ciwon ba, domin suna iya dagula bugun zuciyar da dama tana kan gaɓa. Azumi ma a tattauna shi da likita tun kafin watan ya kama.

Game da gado, yadda sikila take haka yake: sai an samo daga uba da uwa duka, kuma idan su biyun suna ɗauke da shi, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na haifar mai ciwon. Auren zumunci na ƙara haɗa masu ɗauke da shi. Kada a ɗora wa uwa laifi ita kaɗai, kuma idan an tabbatar wa ɗaya a gida, a kai ’yan ɗakinsu gwajin jini ko da babu mai kukan komai.