Babi na 6: Kula da Karen Golden Retriever a Damagaram

Darasi na 1: Halinsa

Asalin wannan kare ƙasar Sikotland ce, inda aka fara kiwonsa a shekarun 1860 domin ya riƙa ɗauko wa mafarauta tsuntsayen da suka harbo. Yana da sanyin hali, yana haƙuri da yara, kuma idan baƙo ya yi sallama, wutsiya zai kaɗa masa. Wanda gadi yake nema, ya nemi wani kare.

Darasi na 2: Ruwa da inuwa

Ku karanta wannan darasi a hankali, domin a nan ne yawancinku kuke tuntuɓe. Gashin wannan kare ninki biyu ne, irin na ƙasar sanyi, alhali a nan Damagaram zafin watan Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa.

Ku ware masa kwanonsa daban, ku wanke shi, ku cika shi da ruwan randa, ku ajiye a inuwa. Idan rana ta take, ku koma ku duba, saboda inuwar safe ba ita ce ta azahar ba. Ku tsoma yatsa: idan ruwan ya yi ɗumi, ku zubar, ku sake cikawa. Da la'asar ma haka za ku yi. Wanda ya manta jiya, kada ya karaya, yau sai ya gyara.

Amma wasunku har yanzu suna ɗaure shi a tsakar gida, su tafi kasuwar Dole, su dawo su tarar da shi kwance, harshe a waje, yawu na dalala. Wannan sakaci ne, kuma yana kisa! Na sake faɗa: ruwa mai sanyi, a inuwa, a duba sau uku. Kada ku aske masa gashi ƙwal, domin yana kare fatarsa daga rana. Yawo kuwa sai da sassafe ko bayan magariba.

Darasi na 3: Gashi da kunne

Ku taje shi, ku cire ƙarangiya da kaska. Kunnensa a rufe yake, ku ɗaga ku duba. Idan yana wari, ku kai shi wurin likitan dabbobi.

Darasi na 4: Abinci da allura

Kada a ba shi albasa ko cakulan. A yi masa rigakafin haukan kare.