Abin da ke maimaituwa, sau ɗaya za ka saka shi a kalanda

Jama'a ku daina rubuta taron mako-mako ɗaya bayan ɗaya a Google Calendar.

Ka saka shi sau ɗaya, ka danna inda aka rubuta "Does not repeat", ka zaɓi kullum ko duk sati ko duk wata, shikenan wayarka za ta riƙa tuna maka. Zubin adashe, kuɗin haya, azumin Litinin da Alhamis, duk yana yi.

In taron sati ɗaya ne kawai aka ɗaga, wajen gyara ka zaɓi "This event". In ka danna "All events" wallahi duka za su canza har da na baya.

Inda dabarar ke ba da matsala: kar ka saka abin wata-wata a ranar 31, don Afrilu, Yuni, Satumba, Nuwamba da Fabrairu ba su da ita, tsallake su zai yi ba tare da ya ce maka komai ba. Ni dai 28 nake sakawa.

Azumin 13, 14, 15 na watan Musulunci kuma ba zai bi ba, shi lissafin watan bature yake yi, wannan sai ka riƙa sakawa da hannu in an ga wata.