Injin yankan takarda mai cin rim: zaɓensa da aiki da shi

Mai haɗa katin gayyatar biki, ko jotar da ake rabawa a walima, ko ƙananan littattafan rubutu, ya san cewa rula da reza ba sa kai mutum ko'ina da zarar aiki ya haura kwafi hamsin. Hannu ya gaji, gefe ya karkace, kati ɗari su fito kowanne da nasa tsayin. A nan ake fara neman injin yanka, wanda masu ɗab'i ke kira gilotin. Sai dai abin da ake sayarwa da wannan suna iri uku ne, kuma ba aikinsu ɗaya ba.

Akwai mai doguwar wuƙa kamar adda da ake ɗagawa a sauke, irin wanda ake gani a shagunan hoto da na fotokwafi. Yana cin falle goma zuwa talatin, gwargwadon ƙarfinsa. Akwai mai ƙaramar wuƙa zagayayya da ke gudu a kan ƙarfe, wanda ya fi kowanne tsaftar yanka a kan hoto da takardar da aka yi wa laminatin, amma falle kaɗan yake ɗauka. Na ukun shi ne mai nauyin, mai cin ɗaurin takarda gaba ɗaya: teburin ƙarfe, wuƙa mai kauri da ke saukowa a karkace, madanni mai sitiyari da ke danne takarda, da dogon hannu. A kansa za mu tsaya.

Kauri ake dubawa, ba yawan falle ba

A jikin kwalin za ka ga an rubuta falle 400 ko 500. Wannan lissafin takardar ofis ce mai nauyin giram 70 ko 80 a kowace murabba'in mita, wadda kaurin falle ɗaya yake kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ke nan falle 400 kusan santimita 4 ne, cikakken rim mai falle 500 kuma kusan santimita 5. Abin da injin ke nufi dai shi ne tsayin ɗaurin da zai shiga ƙarƙashin madanninsa. Idan katin gayyata mai giram 300 za ka yanka, santimita 4 ɗin nan ba zai wuce falle 120 ko 130 ba, kuma ko hakan bai kamata ka cika shi ba, domin kati ya fi takarda tauri. Ƙa'idar da ke raya inji ita ce kashi biyu cikin uku na abin da aka rubuta idan takarda ce, rabi idan kati ne.

Sai tsawon yanka. A4 milimita 210 ne a 297, A3 kuma 297 a 420. Injin da aka ce na A4 ne zai ishi mai kati da jota. Wanda zai riƙa yin bangon littafi, kalanda ko fosta, ya daure ya sayi na A3 tun farko, saboda bangon littafi mai girman A4 idan aka shimfiɗa shi ya ma ɗan zarce A3 saboda kaurin baya.

Mafi yawan masu saye wuƙa suke dubawa. Wuƙa kuwa ana wasa ta, ana canza ta. Abin da ba ya gyaruwa cikin sauƙi shi ne madanni da tokarin baya, wato ƙarfen da ake matsarwa gaba da baya don tsayar da awo. Ka sauke madannin a kan falle ɗaya tak, ka ja fallen ta dama, ka ja ta hagu, ka ja ta tsakiya. In ya zame ta wani ɓangare, madannin ba ya sauka daidai, kuma duk abin da za ka yanka da injin nan zai riƙa gocewa ta wannan ɓangaren. Tokarin bayan kuma ka ɗaure shi ka girgiza da hannu. Wanda ke rawa bayan an ɗaure shi ba abin saye ba ne. Ka ɗora sukwayar kafinta tsakanin wuƙa da ƙarfen gefe, wanda takarda ke jingina da shi, ka ga ko haske na ratsawa.

Ka duba maƙullin hannun, wanda ke hana wuƙa saukowa sai an janye shi. Ka tambaya ko ana samun wuƙar canji da sandar robar da wuƙa ke sauka a kai na wannan samfurin a kasuwa, don inji mai kyau da babu kayan gyaransa ƙarfen banza ne bayan shekara guda. Nauyi kuma ba aibi ba ne a nan. Na kirki yakan kai kilo 15 zuwa sama da 20, kuma nauyin ne ke hana shi tashi idan ka danna hannu.

Ta fuskar suna, Dahle da IDEAL na Jamus ne, suna da tsada amma suna riƙe awo. Waɗanda suka cika kasuwa 'yan Sin ne, galibi masu lamba 858, kuma suna aiki in an gyara musu zama. Polar da ake ji a bakin masu ɗab'i babban injin lantarki ne na kamfani, ba na teburin shago ba. Mai sayen injin da aka taɓa amfani da shi ya tafi da tsohuwar takarda mai kaurin santimita biyu ya yanka a gaban mai sayarwa.

Kafin yankan farko

Teburin da za a ɗora shi ya zama mai ƙarfi da ba ya lilo, tsayinsa daidai ƙugu, ta yadda za ka sa nauyin jikinka a kan hannun ba ƙarfin kafaɗa kaɗai ba. Sabon inji yakan zo da maiƙo a jikin wuƙa don hana tsatsa. Ka goge shi da tsumma da sifirit, kana shafawa daga bayan wuƙa zuwa wajen kaifi, ba tare da bin tsawon kaifin da yatsa ba. Sannan ka yanka takardun banza sau uku ko huɗu har gefensu ya daina fitowa da baƙi.

Kada ka yarda da rular da aka zana a jikin teburin sai ka gwada ta. Saita tokarin a kan milimita 100, ka yanka, ka auna abin da ya fito da rular ƙarfe. Bambancin milimita ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne a ƙananan injuna. Ka rubuta shi a jikin injin ka riƙa lissafi da shi. Gwajin karkata kuwa mai sauƙi ne: yanka falle ashirin, ka ɗauki goma na sama ka kife su a kan goma na ƙasa, gefen da aka yanka yana ɓangare guda. In akwai karkata za ta ninka, ido zai gan ta nan take. Ana gyara ta ne ta sassauta notin ƙarfen gefe ko na tokarin, a daidaita da sukwaya, a sake ɗaurewa.

Yankan kansa

Rabin aikin yana ƙarewa kafin takarda ta shiga inji. Ka ɗauki ɗaurin ka lanƙwasa shi kaɗan iska ta shiga tsakanin fallayen, ka buga gefensa a kan tebur, ka juya ka buga ɗaya gefen, har ya zama kamar bulo. Sannan ka shafa tafin hannu a kai daga tsakiya zuwa gefe iskar ta fita. Ɗaurin da iska ta rage a cikinsa yakan motsa lokacin da madanni ke sauka. Ka tabbatar babu fin ɗin sitefila ko kilif ko ɗaya a ciki. Guda ɗaya ya isa ya yi wa wuƙa giɓi.

Hannun injin yana sama a kulle, ka tura ɗaurin ya jingina da ƙarfen gefe da tokarin baya, duka biyun, babu rata. Ka sa falle biyu na banza a ƙasa da guntun kwali a sama. Na ƙasan su ne ke ɗaukar tsagewar da fallen ƙarshe kan yi, na saman kuma yana hana madanni barin sawu a fuskar katin. Juya sitiyarin har ya tsaya, ka ƙara masa kwata ko rabin zagaye. Takarda mai laushi tana son danni sosai saboda tana lotsawa. Mai sheƙi kuma santsi ne da ita, sai a rage yawanta maimakon a yi ta murɗa sitiyari har a ɓata fuskarta.

Janye maƙullin, hannuwanka biyu a kan hannun injin, ka sauke shi da ja ɗaya mai ƙarfi har ƙasa. Kada ka tsaya a tsakiya, kada ka yi ta dannawa kana ɗagawa, domin kowace tsayawa tana barin layi a gefen ɗaurin. Idan ya ƙi wucewa sai da tsalle a kai, ɗaurin ya yi yawa ko wuƙa ta dakushe. Ka mayar da hannun sama har ka ji maƙullin ya kama, sannan ka sassauta madanni. Guntayen da suka maƙale kusa da wuƙa da sanda ake turo su, ba da yatsa ba, ko da an kulle. Kuma mutum ɗaya ke aiki da injin nan. Wani yana riƙe takarda wani yana jan hannu, ta nan ake rasa yatsu. Inda yara ke shiga, a sa ƙaramin kwaɗo ko a cire hannun bayan an tashi aiki.

Tsara yanka yana rage wahala. Raba A4 biyu yana ba da A5, milimita 148 a 210, girman da aka fi yin jota da shi. A sake rabawa a samu A6, 105 a 148. Katin kasuwanci mai 85 a 55 guda goma ke shiga A4 idan gefunansu na haɗe. Idan launi ya kai har bakin katin, dole a bar rarar milimita 3 a kowane gefe a wajen zane, katin ya koma 91 a 61, sai guda tara su shiga, uku a jere sau uku. Wannan rarar ce ke hana farin zare fitowa a bakin kati idan firinta ta ɗan goce. Duk yankan da ke da awo ɗaya ka gama shi kafin ka taɓa tokarin, domin in ka matsar da shi da wuya ya koma daidai inda yake.

Jota da littafi suna da nasu sharaɗin. A bar gam ya bushe sarai, gara ya kwana, in ba haka ba zai shafe wuƙa kuma bayan littafin ya lotse. A fara yanke gefen buɗewa, sannan sama da ƙasa. Wajen yanke sama da ƙasa, a ajiye littafin ta yadda wuƙa za ta fara shiga ta bayan littafin, ba ta fita ta nan ba. In ta fita ta nan takan yage bangon a kusurwa. Bayan littafi ya fi bakinsa kauri, don haka a cike bakin da guntayen takarda, madanni ya samu wuri shimfiɗaɗɗe.

Abin da gefen takarda ke faɗa

Idan fallayen sama da na ƙasa ba su zo tsayi ɗaya ba, fara da madanni da yawan ɗaurin kafin ka zargi wani abu. Kati mai tauri yakan ture wuƙa waje yayin da take sauka, na ƙasa su fito sun fi tsayi. Rage ɗaurin da rabi yakan magance shi. Layi guda da ke ratsa gefen daga sama har ƙasa a wuri ɗaya kullum, giɓi ne a kaifi. Gefe mai gashi-gashi, ƙurar takarda da yawa, fallaye na mannewa da juna a bakin yanka, da ƙarar bugu maimakon sautin shiga, duk alamun dakushewa ne.

Fallen ƙarshe ko biyu su ƙi yankuwa, wannan yawanci ba laifin wuƙa ba ne. Sandar robar da wuƙa ke sauka a kai ce ta yi rami. Sandar kusurwa huɗu ce, ana zaro ta a juya wata fuskar, kuma tunda wuƙa ba a tsakiyarta take sauka ba, ana juya ta kai da ƙafa a samu wuri takwas kafin a jefar. Idan ɓangare ɗaya ne kawai ke ƙin yankuwa, wuƙar ce ba ta zauna daidai ba: a sassauta notocinta, a sauke ɓangaren kaɗan-kaɗan, ana gwadawa da falle ɗaya har ya yanku daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya isa ta ɗan taɓa robar. Wanda ya nutsar da ita ciki yana kashe kaifi da sanda a lokaci guda.

Wasa wuƙar ba aikin mai wasa wuƙar nama ba ne, kuma ba na garandar mai walda ba ne. Fuska ɗaya kawai ake ci, a kan kusurwar da ta ɗan haura digiri 20, kuma dole kaifin ya miƙe sambal daga farko har ƙarshe. Zafin garanda yana ƙona ƙarfen ya yi laushi, daga nan ba zai sake riƙe kaifi ba. A kai ta wurin masu wasa wuƙaƙen injinan ɗab'i, waɗanda ke yi da inji ruwa na zuba a kai. Masu gidajen ɗab'i na garinku sun san inda suke kai nasu. Wuƙa biyu ake ajiyewa, ɗaya a inji ɗaya a wajen wasa, kuma a ɗauke ta a cikin katako ko kwali mai kauri da safar hannu.

Yanayi ma yana taɓa aikin. Da damina takarda tana shan danshi, gefenta ya lanƙwashe, ta ƙi zama a jikin tokari, wuƙa kuma ta kama tsatsa cikin kwanaki. A bar rim a naɗe sai za a yi aiki da shi, a shafa wa wuƙa ɗan man keken ɗinki idan za ta yi kwanaki ba aiki. Da hunturu ƙura ce matsalar. Yashin da ke kwanciya a kan takarda yana cin kaifi, wanda ke shiga mahaɗar hannu da zaren sitiyari kuma ya haɗu da giris ya zama kamar sanfefa. A rufe injin da zane kullum, kuma duk wata a goge tsohon giris ɗin kafin a sa sabo.

Takardar sitika tana barin danƙo a jikin wuƙa, sai a goge da sifirit bayan kowane 'yan yanka. Kwali mai kauri na bangon littafi ɗaya ko biyu ake sawa, kuma in da hali da tsohuwar wuƙa. Roba mai tauri irin ta katin shaida, fata, da yadi ba na wannan injin ba ne.