Yadda nake karanta sakamakon haƙar zinariya kafin in sayi hannun jari

Kuɗin da na fara asara a wannan harka, kanun sanarwa ne ya cinye su. Wani ƙaramin kamfanin binciken zinariya ya fitar da labari da safe cewa ya huda mita 40 masu giram 3 na zinariya a kowane tan na dutse. Kafin rana ta take na riga na saya. Sai bayan kwana biyu, da na ga farashi yana ta zamewa, na zauna na karanta jadawalin da ke can ƙasan sanarwar. A nan na ga ɗan layin da ya ce a cikin mita 40 ɗin akwai mita ɗaya mai giram 100.

Bari mu yi lissafin tare, domin shi ne abu na farko da ya kamata hannunka ya saba da shi. Ka ninka tsawo da yawan giram: 40 sau 3 ya ba da 120. Mita ɗayar nan ita kaɗai ta ɗauki 100. Saura 20 ke nan a raba wa mita 39, kowace ta tashi da kusan rabin giram. Wato an ɗauki arzikin mita ɗaya an shafa wa sauran, kamar attajiri guda ya zauna cikin matalauta 39 a ce kowa a wurin mai hali ne. Ba ƙarya suka yi ba, lissafinsu daidai ne, ni ne na yi cinikin biri a sama. Tun daga ranar duk inda na ga kalmar "ciki har da" a sanarwa, sai na cire wannan yanki na ga abin da ya rage kafin in duba komai.

Kada ka manta irin kamfanin da kake mu'amala da shi. Waɗannan ƙananan kamfanoni, da yawancinsu ke kasuwar TSX Venture ta Kanada da ASX ta Ostireliya, ba sa sayar da ko ƙwayar zinariya. Ba su da mahaƙa, ba su da kuɗin shiga. Hajarsu ita ce hannun jarinsu, sanarwa kuma ita ce tallarsu. Saboda haka rami mafi kyau shi ake sa wa a kanu, ko da an haƙa goma sha biyu. Ni sauran sha ɗayan nake nema. Idan an ba da sakamakon rami na 21 da na 22 da na 26, ina 23 zuwa 25 suka shiga? Wataƙila suna ɗakin gwaji, wataƙila kuma babu komai a cikinsu aka saka su a layi guda a shafi na uku.

Sai kauri. Ka ɗauki ƙusa ka buga ta a katako a miƙe, sannan ka buga wata a karkace. Ta biyun za ta yi tafiya mai tsawo cikin katakon, alhali kaurinsa bai ƙaru ba. Haka jijiyar zinariya take a ƙarƙashin ƙasa. Idan na'urar haƙa ta bi jijiyar a tsaye maimakon ta yanke ta, jijiya mai kaurin mita 2 tana iya fitowa a takarda da mita 20. Kamfanin kirki yana faɗin ainihin kaurin, ko ya ce kashi kaza ne na tsawon da aka huda. Wanda ya ce "ba a san ainihin kauri ba" a ramukan farko, ina yi masa uzuri. Wanda ya haƙa ramuka sittin yana maimaita wannan jimla, to ya sani, faɗa ne ba ya so.

Zurfi ma yana sauya ma'anar lamba gaba ɗaya. Giram ɗaya a tan, idan ya fara daga kusa da doron ƙasa kuma yana da faɗi, ana iya kwashe shi da buɗaɗɗen rami a ci riba. Wannan giram ɗayan a zurfin mita 600 dutse ne kawai, domin haƙar ƙarƙashin ƙasa tana da tsada, tana bukatar ninkin wannan sau da yawa. Ka tuna oza guda giram 31.1 ce, wato a giram ɗaya sai an fasa an niƙe tan sama da 31 kafin a haɗa oza, in ma an iya tatse zinariyar duka, kuma ba a iyawa. Wata zinariyar tana kulle cikin ma'adinin farar wuta, sinadarin sayanayid da ake tatse zinariya da shi ba ya isa gare ta sai an gasa dutsen ko an dafa shi da matsi mai ƙarfi. Shi ya sa nake bin sawun gwajin tacewa, ko da yake ba ya tayar da kasuwa kamar sakamakon rami.

Hoton zinariya tana ƙyalli a jikin dutse ba sakamako ba ne. Ka jira ɗakin gwaji.

Batun ɗakin gwajin kuwa yana da tarihi mai ɗaci. Kamfanin Bre-X na birnin Calgary ya yi iƙirarin gano zinariya mai ɗimbin yawa a Busang, cikin tsibirin Borneo na Indonesiya, har darajarsa a kasuwa ta haura dalar Kanada biliyan 6. A watan Maris na 1997 kamfanin Freeport-McMoRan ya haƙa nasa ramukan a wurin, bai sami abin a zo a gani ba. Ashe barbaɗa zinariya ake yi a kan samfurin kafin a kai gwaji. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, bisa al'adar aikin, sandar dutsen da aka zaro ana tsaga ta biyu, a aika rabi gwaji a ajiye rabi don mai son tantancewa, su kuwa niƙe ta suke yi gaba ɗaya. Bayan wannan badaƙala Kanada ta kafa ƙa'idar NI 43-101 a 2001, wadda ta wajabta wani ƙwararre ya sa sunansa a kan bayanan. Ostireliya na da tata mai suna JORC. Don haka ka gangara ƙarshen sanarwa, wurin da kowa ke tsallakewa. Ka ga sunan ƙwararren, ka ga sunan ɗakin gwajin da ko mai zaman kansa ne, ka ga ko suna cusa samfurin da babu komai a ciki da wanda aka riga aka san adadinsa don gwada gaskiyar awon. Sa hannun ƙwararre ba ya nufin akwai riba, yana nufin akwai wanda za a kama.

Yanzu ka ajiye duwatsu ka buɗe asusun kamfanin, wanda na Kanada ake samu kyauta a shafin SEDAR+. Nawa ke hannunsu, nawa suke kashewa duk wata uku? Idan abin da ya rage ba zai kai su wata shida ba, ka sa a ranka cewa sakamako mai kyau zai zo da sabon hannun jari a bayansa, sau da yawa a farashin da bai kai na kasuwa ba, haɗe da waranti mai ba mai shi damar ƙara saye a tsayayyen farashi. Kasonka ya tsinke ke nan. A Kanada irin wannan sabon hannun jari da ake sayar wa wasu mutane a keɓe ana riƙe shi wata huɗu da kwana ɗaya kafin a iya sayarwa. Ina rubuta ranar a kalanda, domin na sha ganin farashi ya yi laushi a makon ba tare da wani mugun labari ba.

Ba ina cewa babu masu dacewa ba. Kamfanin haƙar zinariya na Kinross ya sayi kamfanin Great Bear Resources, mai filin Dixie a yankin Red Lake na Ontariyo, kan kusan dalar Kanada biliyan 1.8 a cinikin da aka sanar a Disambar 2021, tun kamfanin bai fitar da ƙiyasin arzikin filin ba. Amma ramuka ɗaruruwa ne suka gaskata juna a can, ba rami ɗaya ba. Irin wannan labari kuwa shi ke sa mutum ya manta da ɗaruruwan kamfanonin da suka ƙare da suna kawai.

Ko an gano zinariyar da gaske, tsakanin ganowa da fara haƙowa yakan wuce shekara goma, kuma a tsakiyar tafiyar, lokacin nazarin riba da neman izini, farashi yakan yi sanyi. Pierre Lassonde, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin Franco-Nevada, shi aka fi jingina wa zanen wannan hawa da sauka. Ni dai ba ni da haƙurin wannan jira. Ba na zuba abin da ba zan iya yafewa ba, ba na saye ranar da sanarwa ta fito, kuma idan farashi ya ninka ina sayar da rabi in zare uwar kuɗina. Sauran nakan bar shi har a haƙa rami nesa da na farko, mita ɗari ko biyu a kan layin jijiyar, in ga ko zinariyar ta biyo.