Yadda Za Ka Haɗa Kayan Sauti na Gida da Suka Dace da Juna, da Inda Za Ka Saya

Duk wanda ya ce mini yana son haɗa kayan sauti a gida, tambayar da nake fara yi masa ita ce: a wane ɗaki za ka sa su? Yawanci sai ya yi turus, don shi wat nawa yake jiran in tambaya. To ni a wajena ɗaki ne farko, sai lasifika, sai amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi ta tura wa lasifika, sannan abin da zai ba su kiɗan.

Auna ɗakinka tukuna. Idan bai wuce mita 4 da 4 ba, ƙananan lasifikoki biyu masu zama a kan ƙafa ko kanta sun ishe ka, irin masu wufa, wato babban faifan da ke fitar da amon ƙasa, ta inci 5 ko 6. Dogayen nan masu tsayawa a ƙasa na babban falo ne. Ka cusa su a ɗan ɗaki, amon ƙasa ya cika ko'ina, muryar mawaƙi ta nutse. Sannan dubi ƙasan ɗakin. Gidajenmu na yanzu tayil ne da bangon siminti da gilashi, duk masu mayar da sauti ne. Tsaya a tsakiya ka tafa sau ɗaya. In ka ji tafin ya yi wutsiya, kafet mai kauri da labule za su gyara maka sauti fiye da ƙarin kuɗin da za ka zuba a na'ura.

A kan lasifika nake so ka kashe kaso mafi tsoka na kuɗinka, wajen rabi. A bayanta ko a takardarta akwai lamba biyu da ya kamata ka karanta. Ta farko om, wato ma'aunin yadda lasifika ke tare wuta: za ka ga 4 ko 6 ko 8. Ƙanƙantar lambar na nufin lasifikar tana jan wuta da yawa daga amfilifaya, don haka mai om 4 tana buƙatar amfilifayar da aka rubuta a bayanta cewa tana ɗaukar 4. Ta biyu desibel, wato yawan ƙarar da take bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Wannan lambar mutane ba sa kula ta, alhali ita ce mai yanke hukunci. Duk bambancin desibel 3 daidai yake da ninka ƙarfin amfilifaya. Lasifika mai 85 tana neman ninki biyu na wat ɗin da mai 88 take nema kafin su yi ƙara ɗaya. Misali, KEF LS50 desibel 85 ce, kuma om ɗinta yakan sauka har kusan 3, shi ya sa duk kyanta ba na ba mai farawa shawarar ta. Wharfedale Diamond 12.1 kuwa 88 ce, ba ta wahalar da amfilifaya.

Yanzu maganar wat, inda aka fi cutar mutane. Za ka ga kwali an rubuta 3000W da manyan haruffa, a gefe an saka PMPO. Wannan lambar talla ce kawai. Juya na'urar ka duba ɗan rubutun da ke kusa da wayar wuta, inda aka faɗi abin da take sha. Wadda take shan wat 60 daga bango, ina za ta samo 3000 ta ba ka? Abin nema shi ne RMS, wato ƙarfin da take iya bayarwa a ɗore, a kowane ɓangare na hagu da dama, a kan om 8. Yamaha A-S301 tana ba da 60 a kowane ɓangare, Marantz PM6007 tana ba da 45, kuma kowaccensu ta wadatar da falo madaidaici. NAD 3020 da ta fito a 1978 wat 20 kacal aka rubuta mata, amma har gobe masu kunne suna nemanta.

Wani abin da ba kowa ya sani ba: ƙaramar amfilifaya da aka murɗe har ƙarshe ta fi babba saurin kashe lasifika. Idan ƙarfinta ya ƙare sai ta riƙa yanke kan sautin, wannan gurɓataccen sauti kuma twita yake afka wa, wato 'yar ƙaramar da ke sama, ta ƙone. Da zarar ka ji sauti ya fara kaushi yana sukar kunne, rage.

Abin da zai ba da kiɗan ba sai na ja shi ba. In daga wayar hannu ko kwamfuta kake saurare, ƙaramin DAC mai shiga USB, wato ɗan akwatin da ke mayar da kiɗan dijital sautin da amfilifaya ke karɓa, ya fi ramin abin kunne tsabta. In talabijin za ka haɗa, nemi amfilifaya mai mashigar optical, wato ta wayar da ke ɗaukar sauti da haske, kamar Yamahar nan da na ambata. Mai tsofaffin faya-fayen garmaho kuma ya tabbatar akwai mashigar da aka rubuta phono, in babu sai ya sayi ɗan akwatinta daban, don sautin allura ya yi rauni da yawa ga sauran mashigai. Wayar lasifika kuwa, jan ƙarfe na gaske mai kaurin murabba'in milimita 1.5 zuwa 2.5 ya isa. Kada wani ya sayar maka da waya a kuɗin lasifika.

Sai wuta, wadda a ƙasar nan ita ma cikin kayan take. Tamu volt 230 ce. Kayan da aka yi don kasuwar Japan 100 suke sha, na Amurka 120, kuma duka biyun suna shigowa cikin gwanjo. Ka jona su kai tsaye, ko minti ba za su yi ba. Karanta bayan na'ura kafin ka yi ciniki. In ka ga 100V ko 120V, sai da tiransifoma mai rage wuta, kuma ƙarfinta ya ɗara abin da na'urar ke sha da kyau. Wasu tsofaffin Pioneer da Sansui da Technics suna da ɗan makunnin zaɓen wuta a baya, ka tabbatar yana kan 220 ko 240. Garmahon Amurka mai bel wanda motarsa ke bin bugun wuta zai yi jan ƙafa a nan, don tasu 60Hz ce, tamu 50Hz, tiransifoma kuma ba ta gyara wannan. Ware kuɗin sitabilaiza tun farko. In inbata kake amfani da ita, ta zama mai tsabtatacciyar wuta, wadda masu sola ke ce wa pure sine wave, in ba haka ba za ka riƙa jin gurnani. Wajen kunnawa, amfilifaya ce ƙarshe, wajen kashewa ita ce farko.

To, ina za ka saya? Sabo a shagon da ke ba da rasit da garanti ya fi kwanciyar hankali, amma ka tambaya: in ya lalace, nan za a gyara ko sai an tura Legas? A Kano, zagayen France Road da Beirut Road da kasuwar Sabon Gari nan ne ake samun kayan lantarki, sai dai yawancin abin da ke gaban shago kayan biki ne da na sinimar gida. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, sitiriyo nake nema, amfilifaya daban, sifika daban," sai a shiga da kai ciki ko a haɗa ka da wanda yake da su. Babbar matattarar gwanjon kuwa ita ce kasuwar Alaba da ke Ojo a Legas, inda ake sauke kwantena. A Jiji da Facebook ma ana samun kaya masu kyau daga hannun masu sauya nasu, amma ƙa'idata ɗaya ce: ba na tura kuɗi kan abin da ban ji da kunnena ba, ko wani amintacce bai ji mini ba. Yin oda daga waje ya fi dacewa da ƙananan kaya kamar DAC da allura. Lasifika nauyi gare ta, kuɗin jirgi da na kwastan sukan cinye rangwamen.

In gwanjo za ka saya, tafi da kiɗan da ka haddace, da batirin rediyo mai volt 1.5, da mitar gwajin lantarki in kana da ita. Cire rigar lasifikar ka duba zoben da ke kewaye da wufa. Na soso yana ruɓewa da zafi da shekaru, ka taɓa shi da yatsa ya marmashe kamar tsohon burodi, na roba ya fi jurewa. Sa yatsu a kewayen tsakiyar wufar ka danna a hankali: ta shiga ta fito shiru, in ka ji gurzawa, ajiye ta. Taɓa batirin a bakin wayoyinta, za ka ji "ɗas" ka ga ta motsa. Mita kuma takan nuna wajen 6 a lasifika mai om 8, wannan lafiya ce. Kara kunnenka a kowace twita, don sau da yawa ɗaya ta mutu, hayaniyar kasuwa ta rufe. Amfilifaya kuwa ka bar ta a kunne kamar minti 20, ka murɗa kowane maɓalli, ka ji ɓangaren hagu shi kaɗai, ka ji na dama. Ƙarar ƙasa-ƙasa wajen murɗawa yawanci ƙura ce, mai gyara zai wanke. Warin ƙuna ko zafin da hannu ba ya iya jurewa kuwa, bar musu kayansu. Mai shago zai so ya ƙure ƙara ya burge ka. Ce masa, "Yallaɓai, rage mini," ka saurari muryar mutum da kalangu a ƙasa-ƙasa. In kalangun yana fitar da hawa da saukarsa, murya kuma ba ta fito ta hanci ba, kayan sun yi.

Da ka kawo su gida, jera lasifikokin yadda tazarar da ke tsakaninsu za ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa kujerarka, kamar mita 2. Twita ta daidaita da kunnenka a zaune. Masu rami a baya ka janye su daga bango kamar santimita 30 zuwa 50, kuma ka guji lungu. Wajen jona wayoyi, ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a duka ɓangarorin, don in ka juya ɗaya amon ƙasa zai zube, muryar ta rasa tsakiya. Kada ka ɗora komai a kan amfilifaya, ramukan samanta na shan iska ne. Lokacin hunturu ka riƙa rufe ta da ƙyalle bayan ta huce, ka yaye kafin ka kunna.