Yadda za ka saita wayar yaro tun kafin ka damƙa masa

Kullum a majalisarmu ta Tudun Wada maganar kenan, wai gwamnati ta rufe TikTok kowa ya huta. To ai mun ga abin da ya faru da Twitter, an toshe shi a Najeriya a watan Yunin 2021 har zuwa Janairun 2022, kafin sati guda samari sun koyi VPN, manhajar da ke tsallake toshiyar, sun ci gaba da harkarsu. NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Najeriya, ta fitar da ƙa'idojinta ga kamfanonin soshiyal midiya a 2022, Ostireliya ma ta yi doka a 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe akawun, duk ba laifi, amma ba wani jami'i da zai shigo ɗakin yaranka ƙarfe sha biyun dare ya ɗaga bargo. Wannan aikinka ne kai da maman yara, kuma bai kai minti talatin ba.

Da farko kar ka ba yaro waya da imel ɗinka a kai. Nan ne yawancinmu muke yin kuskure, ka sayi sabuwar Tecno ka miƙa masa tsohuwar Infinix ɗinka yadda take, Google na ganin kai ne ɗan shekara 45 ke riƙe da ita, komai a buɗe. Ka goge wayar tas, ka sauke Family Link, manhajar Google ta kula da wayar yara, a taka wayar, kyauta ne, ka buɗe masa nasa imel ta ciki da shekarunsa na gaskiya. Daga nan duk manhajar da zai sauke sai ta nemi izininka, kana iya yanka masa awa nawa a rana, ka sa ta kulle kanta bayan isha'i, ko kana Kawo a shago ka danna ta rufe a gida. Lambar sirrin kuma don Allah ban da 1234 ko shekarar haihuwarka, yaran nan sun fi mu ido.

Ƙanana ka sa musu YouTube Kids ka cire babban. Ba wai ya tace komai ba ne, amma da hanau gara mannau.

TikTok su da kansu sun ce sai ɗan shekara 13, kuma ɗan ƙasa da 16 ba ya iya tura saƙo ta bayan fage, matsalar ita ce yarinya 'yar JSS za ta rubuta an haife ta a 1998 shikenan duk wani kariya ya tashi. Saboda haka zauna da ita ku buɗe tare, ka shiga setin ka nemi Family Pairing, wato wajen haɗa akawun ɗin yaro da na iyaye, ka haɗa da taka wayar, ka mayar da akawun ɗin na sirri. A WhatsApp kuma ka gyara wanda zai iya jefa ta a gurup ya zama sai waɗanda ta ajiye lambarsu kawai.

Yanzu ga inda duk wannan setin ba ya kaiwa, kuma ni a ganina nan ne ramin yake. Abin da yaranmu ke kalla da yawa ba data ce ta kawo shi ba, Xender ne, manhajar tura kaya daga waya zuwa waya, da memori. Ya je wajen masu tura fim da naira ɗari biyu, ko abokinsa a islamiyya ya tura masa a bayan aji, ba intanet ba komai. Ni ɗana na fari haka na kama, wayar a kulle tsaf ina ta alfahari, ashe memori ne a cikin aljihun wandon makaranta, mamansa ce ta gani wajen wanki. Tun daga ranar na hana Xender a wayarsa, kuma duk Juma'a mukan zauna mu duba hotuna da bidiyo tare, a gabansa, ba a ɓoye ba. Ban dake shi ba ranar, da na dake shi da sai dai ya ƙware wajen ɓoyo.

Sai wayar mama. Hajiya kina girki yaro na kuka kin miƙa masa don ya yi shiru, ko ƙanin miji ya zo hutu ya bar tasa a caji a falo. Ki sa wa Facebook da TikTok ɗinki makulli, kusan duk wayoyin nan suna da shi a setin.

Cajin dare kuma a ɗakinmu ake yi, ƙarfe tara kowa ya kawo tasa ya ajiye a kan durowa, in an ɗauke wuta ma nan za su kwana. Ƙaramar ce ta ce to Baba taka fa, dole na ajiye tawa a gefen nasu.